Mu Masu Jan Tankar Madara

Mu da muke jan tankar madara ba mu da yawa a ƙasar nan. Ko a tashar manyan motoci sai ka ji direban tirela yana tambaya: wai madarar ruga har ta kai a ɗauke ta a tanka? Ta kai kuwa. FrieslandCampina WAMCO na da cibiyoyin tara madara a Fashola da Iseyin a jihar Oyo, Nestlé na da tata a Paikon Kore ta yankin Abuja, Integrated Dairies na sarrafa madara a Vom, L&Z a Kano, Arla kuma ta buɗe gonarta a Damau ta jihar Kaduna a 2023. Harkar ta ƙara motsi daga 2020, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida kacal, waɗanda suka shiga harkar samar da ita a gida. An ɗage wannan takunkumin a 2024, amma tsakanin cibiya da masana'anta har gobe sai an sami wanda zai ɗauko. Mu ne masu ɗaukowar. Wannan shaida ce kan yadda aikin yake, domin matashin da ke sha'awarsa ya san abin da zai tarar, mai shan yogot kuma ya san hanyar da abin da ke hannunsa ya biyo.

Abu na farko da ake gaya wa sabon shiga, kuma ba a gajiya da maimaita shi: tanka ba firji ba ce, fulas ce. Tankin ƙarfe ne mara tsatsa ciki da waje, a tsakaninsu an cusa kumfa mai hana zafi ratsawa. Ba ya sanyaya komai. Sanyin da madara ta shigo da shi kaɗai yake riƙewa, kuma idan kumfar tana da lafiya, tafiyar sa'o'i da dama ba za ta ƙara wa madarar abin da ya wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Ka zuba ta a digiri 4, ka isa da ita a 5 ko 6. Ka zuba ta a digiri 12, to ka ɗauko asara ka kai ta da kanka har ƙofar masana'anta.

Dalilin yana cikin madarar. Daga hantsar saniya take fitowa da ɗumin jiki, wajen digiri 37, kuma a irin wannan ɗumin ƙwayoyin cuta na iya ninka kansu cikin minti 20 zuwa 30. Suna cin zaƙin madarar suna mayar da shi tsami. Wannan tsamin shi ake nema a kindirmo, amma a wurin masana'anta shi ne ɓaci, domin madarar da ta fara tsami da ta ji wutar tukunyar dafawa sai ta tsinke ta toshe injin. Saboda haka ake son ta sauka zuwa digiri 4 cikin 'yan sa'o'i bayan tatsa. A ruga da sassafe ake tatsa, bayan an bar maraƙi ya ɗan tsotsa nonon ya sauko. Bunaji da rahaji da bokolo ba su ba da yawa, lita ɗaya zuwa biyu ce a rana, don haka sai an haɗa na gida da yawa kafin a cika tulun ƙarfe mai lita 40. Mata su kawo a ka, samari su kawo a babur, ma'aikacin cibiya ya gwada na kowa daban, ya auna, ya rubuta, ya juye a tankin sanyi. Daga nan janareto ko sola su kama aiki. Ko a cikin sanyin ma ba a barinta ta wuce kwana biyu, domin akwai ƙwayoyin da sanyi bai hana su girma, kuma abin da suke zubawa a madara dafuwa ba ta kashe shi. Shi ne ke sa madarar kwali ta yi ɗaci bayan makonni a kanti.

Ranar direba tana farawa tun kafin kiran sallar asuba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko an gama shiri tun jiya sai an sake zagaya mota da tocila. A duba man inji da ruwan lagireto, a bubbuga tayoyi, a ja zoben tulun iska a zubar da ruwan da ya taru cikin dare. Ruwan nan idan aka bar shi yana cin bawul ɗin birki a hankali har ranar da zai ƙi kamawa. A tayar da mota a jira allurar iska ta hau wajen 8 kafin a motsa. Sai a koma ɓangaren madara: hatimin da aka ɗaura jiya bayan wanki yana nan, lambarsa ta dace da ta takarda? A hau sama a buɗe murfi a haska ciki, a sa hanci. Tanki mai tsabta ba ya warin komai. Idan ka ji ƙarni ko ƙaurin sinadari, ko ka ga ruwa kwance a ƙasa, ba za a fita ba sai an sake wanki. A kula kuma akwai ƙanƙara, kwalaben samfur a rufe, ludayin ɗiba cikin maganin kashe ƙwayoyi, ma'aunin zafi, laktomita mai auna kaurin madara, kwalbar sifirit da takardun gwajin magani. Wasu kamfanonin suna haɗa ka da ma'aikacin duba inganci. A wasu kuwa daga kai sai yaron mota, hukunci duka a wuyanka.

A cibiya akwai jerin da ba a sauya shi. Kafin komai a wanke hannu da sabulu, domin hannun da ya riƙe sitiyari ya taɓa taya bai dace da murfin tanki ba. A kashe maburgin tankin cibiya, a bari madara ta kwanta sarai. A buɗe murfi a sa hanci tun kafin iska ta kwashe warin, a duba fuskar madarar: ƙuda, gashi, ja-ja na jini, ko ƙananan gudajin mai da ke yawo a sama. A zaro sandar awo a goge ta da takarda mai tsabta, a mayar, a sake zarowa a karanta, a yi haka sau biyu har adadin ya zo ɗaya. Ana awo ne madara na kwance, domin kumfa da kaɗawa suna ƙara tsawo a sanda, ka sa hannu a kan litar da babu ita. Tankin da ƙafarsa ɗaya ta nutse a siminti ma yana yin ƙarya a awo, shi ya sa ake lura da zamansa.

Bayan awo sai a kunna maburgi, minti 5 ga ƙaramin tanki, minti 10 ga babba. Mai yana tasowa sama idan madara ta kwanta. Wanda ya ɗebi samfur bai motsa ba, ya ɗebo mai zalla, ɗakin gwaji ya ba da sakamakon da ba shi ne gaskiyar tankin ba. Zafi kuma da ma'aunin hannunka za ka auna, kada ka dogara da agogon jikin tanki. Agogon na iya nuna 4 alhali awa ɗaya da ta wuce aka juye madarar safe mai ɗumi a kan ta jiya. Kowane kamfani da iyakarsa, amma da wuya ka sami wanda zai yarda ka ɗauki abin da ya haura digiri 6 daga cibiya. Tambayi kuma yaushe wuta ta ɗauke cikin dare, awa nawa ta yi. Madarar da ta yi ɗumi ta sake sanyi, ma'aunin zafi ba zai tona ta ba, sai hanci da sifirit.

Gwajin sifirit a ido ake ganinsa. A ɗiga madara mililita 2 a ƙaramin faranti, a ƙara sifirit mai ƙarfin kashi 68 zuwa 72 daidai wannan adadin, a juya farantin a tafin hannu a karkata shi wajen haske. Lafiyayyar madara za ta gangara sumul ta bar farantin fes. Wadda ta fara lalacewa za ta bar ƙananan fararen gudaji manne a jiki kamar tsakin gero. A wannan lokacin wurin yakan yi tsit. Ma'aikacin cibiya na leƙe ta kafaɗarka, matan da suka kawo tasu suka zauna a inuwa da ƙorai a gefe duk sun ɗago kai, domin sun san ma'anar farantin. Dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa, da nonon saniya mai kumburin hantsa su ma suna yin gudaji ko da ba su yi tsami ba. Sifirit ɗin kansa yana iya yaudara: kwalbar da ake bari a buɗe ƙarfinta na raguwa a iska, sai ta riƙa wuce da madarar da ya kamata ta kama. Abin da aka gwada kuwa zubarwa ake, ba ya komawa tanki.

Laktomita ita ke tona ruwa. Madara ta fi ruwa nauyi kaɗan, lita ɗaya tana kai kilo 1.028 zuwa 1.033. A cika dogon kofi, a saki laktomita a hankali, a bari ta tsaya ba ta taɓa gefe ba, a karanta daidai fuskar madarar. Tsakanin 28 da 32 lafiya. Duk ruwa kashi 10 cikin ɗari da aka ƙara yana sauke ta da kusan 3, wato mai 30 ta koma 27. Sai an lura da zafin madarar, domin kowace laktomita da zafin da aka saita ta a kai, galibi digiri 20, kuma ana ƙara 0.2 a kan kowane digiri da ya haura hakan, a rage idan ya gaza. Wanda ya iya ha'inci yakan ƙara ruwa ya bi da sitaci don kauri ya dawo. Ɗigon aidin yana mayar da irin wannan shuɗiya nan take. Gaskiya dai yawancin ruwan da muke kamawa ba na mugunta ba ne, na ɗauraya ne da aka bari a gindin tulu ko a cikin tiyo.

Wanda ya fi duka tsada shi ne maganin dabbobi. Makiyayi ya yi wa saniya allurar oksitetrasaikilin ko fenisilin jiya, yau ya tatse ta tare da sauran, ba don ya cuci kowa ba, sai don babu wanda ya karanta masa abin da ke jikin kwalbar: kwana kaza ba a shan nononta. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa, sifirit da laktomita ba su san da shi ba, dafuwa ba ta kawar da shi. A masana'anta yana kashe irin da ake zubawa don yogot ya kama, a wayi gari tukunya guda ta ƙi daskarewa. A jikin mutum kuma yana tayar wa wasu da borin jini, yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wake ɗaya shi ke ɓata gari: nonon saniya ɗaya na iya sa a ƙi tanka guda. Takardar gwajin tana ɗaukar minti 5 zuwa 10 kafin layukanta su fito, kuma mintunan nan su ne waɗanda direban da rana ta yi masa yake jin kamar ya tsallake. Kada ka haɗa tiyo sai layi ya fito.

Ƙin ɗaukar madara shi ne abu mafi nauyi a aikin nan, ya fi tuƙin kansa. Lita dubu da ka ce ba za ka ɗauka ba kuɗin cefanen gidaje da yawa ne, kuma a ruga kuɗin nono na mata ne. Za a roƙe ka. Ma'aikacin cibiya zai ce, “Oga, a taimaka, idan ta gauraya da sauran ba za a gane ba.” Dattijuwa za ta matso ta ce, “Ɗana, tun asuba muke tafe.” Ba a amsa irin wannan da tsawa. Ka ce, “Inna, ki yi haƙuri, zo ki gani da idonki,” ka sake gwajin a gabanta da gaban Arɗo idan yana kusa, ka kira ofis, ka rubuta dalili, kowa ya sa hannu. Idan tsami ne kawai, ka faɗa da wuri don a samu a dafa ta a yi kindirmo a kai kasuwa kafin ta wuce nan. Idan magani ne, wannan ba ta shayuwa ko a gida. Tausayin da zai sa ka zuba ta a tanka, matan sauran cibiyoyi huɗu ko biyar da ka riga ka ɗauki tasu ne za su biya shi.

Idan komai ya yi daidai, a ɗebi samfur daga tsakiyar madara, a cika kwalba kashi uku cikin huɗu, a rubuta sunan cibiya da rana da lokaci da zafi, a nutsa ta cikin ƙanƙara ba tare da ruwa ya rufe murfin ba. Kwalbar nan ita ce shaidarka. Ranar da aka ƙi kaya a masana'anta, da ita ake gano cibiyar da matsalar ta fito. Idan babu ita, ko ta yi ɗumi a aljihun mota, laifin a kan direba yake sauka.

Sai haɗa tiyo. Bakinsa ba ya taɓa ƙasa, murfinsa ba a ajiye shi a kan taya. A duba robar bakin bawul: idan ta tsage, famfo zai riƙa zuƙar iska tare da madara. Iska tana kawo kumfa, tana farfasa ƙwayoyin man da ke ciki, kuma man da ya farfashe yana saurin yin ɗaci da warin sabulu. Saboda wannan dalilin ne ake kashe maburgi idan madara ta sauka ƙasa da fukafukansa, ake kuma kashe famfo da zarar ya fara kukan zuƙar iska. Bayan an cire tiyo, ba kafin nan ba, a watsa wa tankin cibiya ruwa mai ɗumi-ɗumi don kada madara ta bushe a jikinsa. A rufe bawul, a ɗaura sabon hatimi, a rubuta lamba.

Yanzu tuƙi. Lita 10,000 ta madara ta kai tan 10 da kilo 300, kuma kaya ne mai rai a bayanka. Tankar fetur tana da katangu masu huji a ciki da ke karya ƙarfin ruwa. Yawancin tankunan madara ba a sa musu, domin duk lungun da wanki bai kai ba gidan ƙwayoyin cuta ne. Abin da ake yi sai a raba tankin ɗaki biyu ko uku, kowanne sumul. Ka taka birki a mahaɗa, mota ta tsaya cak, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ka ji duka daga baya kamar wata motar ta buge ka. Madarar ce ta iso. Idan ka riga ka sassauta ƙafa, za ta tura ka mita ɗaya ko biyu, kuma a garuruwanmu a wannan mitar akwai ɗan acaɓa ko mai Keke. Don haka ake fara rage gudu tun daga nesa, a tsaya da tazara mai yawa, a bar ƙafa a kan birki har kaɗawar ta lafa. Wajen tashi ma a hankali ake sakin kuloci, a sauya giya daidai lokacin da madarar ta dawo gaba, in ba haka ba ta fizge ka baya giyar ta ƙi shiga.

Kwana ta fi birki haɗari. Cikakken tanki ya fi rabin tanki sauƙin tuƙi, abin da sabon direba ba ya yarda da shi sai ya ji a jikinsa. Idan ɗaki bai cika ba, madara na hawa gefe ɗaya a kwana, nauyi ya bar tayoyin ciki, motar ta kwanta a gudun da tirelar siminti za ta wuce lafiya. Ramin da ka kauce wa da fizgar sitiyari, da gefen kwalta da ya zaizaye taya ɗaya ta faɗa, duk haka suke kayarwa. Dabarar ita ce a cika ɗaki ɗaya tam kafin a buɗe na gaba, a kuma tsara zagayen cibiyoyi yadda mummunar hanya za ta zo lokacin da ɗakunan suke cike ko wayam. Rabin tanki yana ɓata madarar ma. Kaɗawar sa'o'i a hanya mai gargada daidai take da abin da Bafulatana ke yi da gora: ka buɗe murfi ka tarar da gudajin man shanu suna yawo, awon mai ya faɗi a ɗakin gwaji.

Dokar hanya ta ba tanka da tirela kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ke tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Mai jan kai da bodi sai da lasisi ajin G. A gangara irin ta Hawan Kibo, ga wanda ya sauko daga Jos, tun a sama ake zaɓar ƙaramar giya a kunna birkin inji. Sakin mota a firi don a rage shan gas ya kashe mutane da yawa: iska na ƙarewa da yawan taka birki, birkin ya yi zafi ya daina kamawa, ga tan goma na ruwa na turo ka.

Damina da rani kowanne da irin wahalarsa. Da damina ciyawa ta wadata, madara ta yi yawa har tankin cibiya ya cika kafin ka iso, amma hanyar ruga ta zama taɓo, rafi ya kawo, tanka mai nauyi ta kafe har gindi. Awa uku a cikin laka ana neman tarakta, agogon madara bai tsaya ba. Da rani hanya ta bushe, sai dai shanu sun yi kudu neman ruwa da ciyawa, cibiyar da ke ba da lita dubu ta koma ɗari biyu, ka yi doguwar tafiya da rabin tanki cikin zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Ƙaramar madara a babban tankin sanyi kuma takan daskare a gindi ta zama ƙanƙara, wannan ma ɓaci ne. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ba a buɗe murfi sai an goge kewayensa.

A shingen hanya wani jami'in zai ce a buɗe ya gani. Ka sauko da ladabi da takardar kaya, ka nuna masa lambar hatimi, ka bayyana cewa abinci ne, idan aka yanke hatimin masana'anta ba za ta karɓa ba. Idan ya dage, ka kira ofis a gabansa, a rubuta sunan wurin da lokaci. Jarabawa kuma tana nan a kowace tsayawa: mai shayi zai zo da jarka, wani zai ce a dawowa ka ɗauko masa ruwa ko man gyaɗa tunda tankin wayam yake. Tankin madara madara kaɗai yake ɗauka. Lita biyar da aka zara ta bawul, ƙurar da ta shiga ta wurin ta fi litar tsada.

A masana'anta sai a hau sikeli, a duba hatimi, a motsa kowane ɗaki a ɗebi samfur, kai kuma ka miƙa kular kwalabenka ka jira. Za su auna zafi da tsami da mai, su sake gwajin magani, su duba inda madarar ke daskarewa, domin tsantsar madara na daskarewa a wajen rabin digiri ƙasa da sifiri, duk ruwan da aka ƙara kuma yana matso da ita kusa da sifirin. Idan an jefa soda ko kanwa don a ɓoye tsami, a nan ake kamawa. Idan aka ce a sauke, kafin a taɓa famfo ka hau sama da kanka ka buɗe murfi ko mashigar iska. Famfon masana'anta na da ƙarfi. Idan yana zuƙar madara iska ba ta shiga ta maye gurbinta, tankin ƙarfe sukutum zai lotse kamar gwangwanin lemo da aka taka, cikin ƙiftawar ido, kuma ba ya gyaruwa.

Wanki a take ake yinsa, ba a barin tanki ya kwana da madara a jiki. Ruwan farko mai ɗumi-ɗumi ne, wajen digiri 40. Tafasasshen ruwa a farko kuskure ne, yana dafa furotin ya manne wa ƙarfe, ruwan sanyi kuma yana daskarar da mai. Sai ruwan soda, irin ta masu yin sabulu, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a zafin digiri 70 zuwa 80, ya zagaya ta ƙwallon feshin da ke rufin tanki na minti 15 ko 20 ya narkar da mai da furotin. A ɗauraye. Sai ruwan asid mai rauni, kashi ɗaya ko ƙasa da haka a wajen digiri 60, shi ke cire farin dutsen da madara ke bari, wanda ƙwayoyin cuta ke ɓuya a ƙarƙashinsa. A sake ɗaurayewa, a bi da maganin kashe ƙwayoyi. A nan ma murfi a buɗe: ruwan sanyi a kan tanki mai tururi da aka rufe ruf yana lotsa shi kamar yadda famfo ke yi. Ƙwallon feshi na toshewa da ɗan tsinke ko gutsuren roba, sai wani yanki na rufin ya daina samun ruwa, don haka ake ciro shi a duba hujojinsa. Bawul da robobi da murfi da ludayi da hannu ake kwance su a goge da burushi, injin wanki ba ya isa lungunansu.

Sinadaran nan ba su da wasa. Soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, in ba haka ba ta tafasa ta fantsamo fuska, kuma ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. Asid da bilic ba su haɗuwa ko a magudana, hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu. Bilic ɗin ma idan ya daɗe a tanki yana cin ƙarfen ya bar ƙananan ramuka. Ba a shiga cikin tanki sai da izini da mutum tsaye a bakin murfi. Tsanin bayan mota kuma, jiƙe da ruwa da santsin mai, ya karya direbobi fiye da yadda ake zato. Takalmin roba mai kama ƙasa ake sawa, hannu biyu a tsani, kayan aiki a miƙo maka daga baya.

Saniya ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba. Ranar idi ma ana tatsa, tankin cibiya kuma ba ya jira, don haka hutu karɓa-karɓa ne tsakanin direbobi, iyali su saba da cin tuwon Sallah da dare. Da azumi lodin tsakar rana a kan tanki mai ƙyallin rana yana jigata mutum, kuma barcin bayan la'asar a kan sitiyari shi ne abin tsoro. Goro da shayi suna taimakawa zuwa wani wuri. Ƙwaya kuwa, tiramol da 'yan uwanta, tana ɗauke gajiyar da ya kamata ta gargaɗe ka, ta kuma dushe hancin da kake shinshina madara da shi. Idan ido ya fara nauyi, minti 20 a gefen hanya a wuri mai jama'a ba zai ƙara wa madara ko rabin digiri ba. Hanyoyin da tsaro ya taɓarɓare kuwa ba a bin su da dare, sai a tsara lodi yadda za a fita daga daji da sauran rana.

Bayan wanki a bar bawul a buɗe ruwa ya tsiyaye tas, a haska ciki a ga ƙarfe na sheƙi babu ɗigon da ya tsaya a jiki, domin inda ruwa ya tsaya ɗigo-ɗigo akwai sauran mai. A rufe, a toshe bakin tiyo biyu, a ɗaura hatimi, a rubuta lambarsa da lokacin da aka gama. A mayar da kula ɗakin sanyi a sa ƙanƙarar gobe, a cika kwalbar sifirit a ɗaure bakinta da kyau.